Daga Ɗuri Zuwa ’Yar-ciki: Tarihin Bindigar Harbin Tsuntsaye a Ƙasar Dagwamba da Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk maharbin da ya fita neman tsuntsu da bindiga yana fuskantar matsala guda, wato daidaita ƙarfin harbi da girman abin da za a harba. In albarushi da dalma suka yi yawa, sai nama ya dagargaje, kuɗi kuma su tafi a banza. In suka yi kaɗan, sai tsuntsu ya tashi da rauni, ya je ya mutu a inda ba mai amfana da shi. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda aka yi ta ƙoƙarin warware wannan matsala, tun daga zamanin bindigar ɗuri har zuwa wani siririn bututu da ake zurawa cikin babbar bindiga domin ta harba ƙaramin harsashi. An kira wannan bututu ’yar-ciki a nan, saboda kamancinsa da ’yar rigar da ake sawa a ƙarƙashin babbar riga.

An ɗauki Jisonayili, wata unguwa a birnin Tamale da ke arewacin Gana, a matsayin wurin da za a tsaya a dubi al’amarin, domin yanki ne na Dagwamba da Hausawa suka daɗe suna hulɗa da shi. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, a zamanin ɗuri ma’auni yana hannun maharbi, da harsashin kwanso ya zo sai ma’aunin ya koma hannun masana’anta. ’Yar-ciki dabara ce ta mayar wa maharbi wani abu daga cikin abin da ya rasa, sai dai maharbin wata nahiya aka yi wa ita.

2.0 Jisonayili da Tsuntsayen Tudu

Jisonayili tana cikin gundumar Sagnarigu, wadda aka ware daga Tamale a shekarar 2012. Ɗafa-ƙeyar -yili da ke ƙarshen sunan tana nufin gida ko gari a harshen Dagbani, shi ya sa ake yawan jin ta a sunayen ƙauyukan wannan ƙasa. Ita kanta Tamale ta fara bunƙasa ne daga 1907, lokacin da Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar lardunansu na arewa daga Gambaga suka kawo ta nan. Sannu a hankali birnin ya yi ta haɗiye ƙauyukan manoman da ke kewaye da shi, har suka zama unguwanni.

Duk wanda ya san kudancin Katsina ko Zariya ba zai ga baƙon abu a dajin yankin ba. Damina ɗaya ce a shekara, rani mai tsawo, ga kaɗanya da ɗorawa da kuka a cikin gonakin dawa da masara da gyaɗa da doya. Irin wannan daji shi ne mazaunin tsuntsayen tudu, wato waɗanda ke kiwo a ƙasa nesa da ruwa, saɓanin na fadama irin su ɗinya da kirinjijiya. Manya daga cikinsu su ne zabon daji, wanda nauyinsa kan haura kilo ɗaya, da fakara ko makwarwa, wadda ke kusan rabin kilo, da kazar dutse, sai kuma hasbiya da kurciya. Wannan bambanci na girma shi ne tushen matsalar, domin ɗurin da ya dace da zabo ya fi ƙarfin kurciya, kamar yadda linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Zabuwa kuwa ba ƙaramin matsayi take da shi a wurin Dagwamba ba. Kusan kowane gidan manomi yana kiwon ta, kuma a cikin bukukuwansu na shekara akwai wanda ake kira Kpini Chugu, wato bikin zabi.

3.0 Harbi Kafin Bindiga

Hausa ta bambanta farauta da harbi. Farauta fita ce ta gayya, galibi da rani, da karnuka da gora da barandami. Harbi kuwa sana’a ce ta mutum ɗaya, wadda akan gada, mai shugabanni irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa. Makamin maharbi na asali shi ne baka da kibiya mai dafi, kuma yakan ɗaura kan burtu a goshinsa ya yi ta sanɗa har ya kusanci dabba. Tsuntsaye ba su cika cin kibiya ba. An fi kama su da tarko da asuta, ko a jefe su da majaujawa ko sanda.

Tarihin baka na Dagwamba ma da maharbi ya fara. Makaɗan fadarsu suna ba da labarin Tohazie, wato Jan Maharbi, wanda aka ce ya fito daga gabas, ya ratsa ta Zamfara, ya isa ƙasar Mali, inda ya kashe wata dabbar da ta hana mutane ɗiban ruwa, aka ba shi ’yar sarki. Daga zuriyarsa ne aka samu Naa Gbewaa, kakan sarakunan Dagwamba da Mamprusi da Nanumba. Abin lura shi ne, da baka da kibiya labarin ya ce ya yi wannan aiki. Bindiga ba ta shigo ba sai bayan ƙarnuka.

4.0 Shigowar Bindiga

4.1 Ƙasar Hausa

Kalmomin da kansu suna nuna hanyar da makamin ya biyo. Bindiga ta fito daga Larabci bunduƙiyya, harsashi daga ar-rasas, wato dalma, albarushi kuma daga al-barud. Ke nan Bahaushe ya fara jin labarin bindiga ne ta hanyar Sahara da Barno, inda Mai Idris Aloma ya ajiye ’yan bindiga Turkawa tun a ƙarni na 16. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743), ya kuma nuna cewa Babba Zaki (1768-1776) shi ne sarkin da ya fara ajiye ’yan bindiga masu tsaronsa. Duk da haka, doki da mashi da baka su suka ci gaba da yin yaƙi har zuwa rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin da bindiga ta yawaita, har Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa ana ƙera igwa da haɗa albarushi a cikin birninsa.

4.2 Ƙasar Dagwamba

A nan kuwa daga teku bindiga ta hauro. ’Yan kasuwar Denmak sun kafa ganuwarsu ta Christiansborg a Osu, cikin Akra ta yau, a 1661, a 1850 kuma suka sayar da ita ga Ingila. Daga sunansu ne Turawa suka laƙaba wa doguwar bindigar ƙanƙara sunan bindigar ’yan Denmak, ko da yake da yawa daga cikinta a Bamingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam ake ƙera su. Masanin tarihi Joseph Inikori ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 ana shigo da bindigogi 283,000 zuwa 394,000 Afirka ta Yamma a kowace shekara, mafi yawansu a musayar bayi.

Tonawa, wato Asante, su ne suka fi kowa cin moriyar wannan ciniki, kuma da bindiga suka rinjayi Gwanja da Dagwamba wajen tsakiyar ƙarni na 18. Bayan haka ne rundunar ’yan bindiga ta Dagwamba, wadda ake kira Kambonsi, ta kafu bisa tsarin Tonawa. Kalmar ma a Dagbani Tonawa take nufi. Sarakunan Kumasi sun hana a wuce da bindiga da albarushi zuwa kasuwannin arewa irin su Salaga, inda fataken Hausawa ke sayen goro. Wannan shinge bai karye ba sai bayan da Ingila ta ƙone Kumasi a 1874.

Ranar 4 ga Disamba 1896, a Adibo kusa da Yendi, mayaƙan Yaa Naa Andani suka tari wata ’yar ƙaramar rundunar Jamusawa. Dagwamba sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma bindigarsu ta ɗuri ce, ta Jamusawa kuwa ta baya ake sa mata harsashi. Kafin mutum ɗaya ya gama ɗuri, abokin gabansa ya yi harbi da dama. Aka ci su da yaƙi, aka ƙone Yendi, kuma a 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar Dagwamba a tsakaninsu.

Tun kafin wannan yaƙi ƙasashen Turai sun riga sun yanke shawarar irin bindigar da baƙar fata zai riƙe. Yarjejeniyar Burasels ta 2 ga Yuli 1890 ta hana sayar da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, ta bar bindigar ƙanƙara marar tsaga a ciki da albarushin kasuwa kawai. Wannan ne ya sa bindigar da aka daina amfani da ita a Turai ta ci gaba da zama makamin maharbi a Tamale da Kano har cikin ƙarni na 20.

5.0 Zamanin Ɗuri: Ma’auni a Hannun Maharbi

Sunayen da Hausawa suka ba wannan bindiga suna bayyana halinta. Ana ce mata bindigar toka da adaka da baushe, ana kuma ce mata harba-ka-ruga, domin harbi ɗaya take da shi, in an kuskure ɓauna sai ƙafa. Ta baki ake ɗura ta. Maharbi zai zuba albarushi, ya tura tsumma ko zaren ɓawon itace ya danna da sandar ɗuri, ya zuba abin harbi, ya sake toshewa. A tsohuwar ƙira dutsen ƙanƙara ne ke ƙyasta wuta idan kunama ta faɗa. Daga baya aka samu mai ’yar hular tagulla, wadda ba ta cika ƙin tashi da damina ba.

Yatsu su ne sikelin maharbi. Idan ya gama ɗuri, yakan zura sandar ya duba tsawon abin da ya rage a waje, ya auna da faɗin yatsunsa, ta haka yake sanin yawan abin da ke ciki. Abin harbin ma shi ke zaɓa. In babbar dabba yake nema, sai ya sa guntun ƙarfe ɗaya ko biyu. In zabi ne, sai ya rage albarushi ya zuba ƙananan gutsattsarin ƙarfe ko dalma ko tsakuwa. Wato bindiga ɗaya tana iya zama babba da safe, ƙarama da yamma, daidai ruwa daidai tsaki. Ba ya bukatar kowa ya yi masa wannan lissafi, kuma in kayan Turai sun yanke, akwai maƙeri da mai haɗa albarushin gida.

Sai dai wannan ’yanci yana da tsada. Yawancin bindigogin da ake kawowa don ciniki na araha ne, ƙarfensu ba shi da tabbas. Ɗurin da ya wuce kima yakan fasa bututu ya tafi da yatsu ko ido, shi ya sa da yawa ba sa ɗora ta a kafaɗa, sai su nesanta ta da fuska. Haka kuma akwai ’yar tazara tsakanin faɗuwar kunama da fitar harbi, wadda ta sa harbin tsuntsu a sama ya yi wuya. Don haka maharbi yakan yi sanɗa ya sami garken zabi suna kiwo a ƙasa, ko ya jira su hau itacen kwana da magariba.

6.0 Harsashin Kwanso da Geji

A shekarun 1830 wani Bafaranshe, Casimir Lefaucheux, ya fito da bindigar da ake karyawa a tsakiya a sa mata harsashi ta baya, albarushi da dalma da abin tayar da wuta duk suna cikin kwanso ɗaya. A 1861 George Daw ya fito da irin harsashin da ake bugun tsakiyar gindinsa a Ingila, wanda shi ne asalin na yau. A shekarun 1870 kuma W. W. Greener na Bamingham ya yaɗa dabarar ɗan tsuke bakin bututu domin ƙwayoyin dalma su yi nisa kafin su watsu. Da waɗannan abubuwa uku aka samu bindigar farauta kamar yadda aka san ta yanzu, mai baki ɗaya ko mai baki biyu.

Tun da harsashi ya zama abin da masana’anta ke yi, dole faɗin bututu ya zama tsayayye. Wannan awo shi ake kira geji, kuma lissafinsa tsoho ne. Idan aka ɗauki laba ɗaya ta dalma, wato giram 454, aka raba ta kashi 12 daidai, aka mulmula kowane kashi, to bututun da ƙwallo ɗaya ya cika shi cif shi ne geji 12. Saboda haka duk yadda lamba ta ƙaru, bututu raguwa yake yi. Faɗin geji 12 milimita 18.5 ne, geji 16 milimita 16.8, geji 20 milimita 15.6, geji 28 kuma kimanin milimita 14. Ƙaramar cikinsu, wadda ake kira .410, sunanta awon inci ne ba geji ba, faɗinta milimita 10.4. Nauyin dalmar ma haka yake sauka: harsashin geji 12 yakan ɗauki giram 28 zuwa 36, na geji 28 kimanin giram 21, na .410 kuwa giram 14 zuwa 19.

Girman ƙwayar dalma ma yana da nasa awo. A lissafin Ingila, oza ɗaya, wato giram 28, tana ɗauke da ƙwaya 70 na girman BB, amma tana ɗauke da 270 na lamba 6. Manyan ƙwayoyi na dabbobi ne, ƙanana na tsuntsaye.

Da wannan sauyi maharbi ya samu sauri da tabbas da kwanciyar rai. Abin da ya rasa shi ne ikon yatsunsa. Mai geji 12 ba shi da yadda zai yi ya mai da ita ƙarama, sai dai ya harba abin da aka rufe masa a cikin kwanso, ko ya sayi wata bindigar.

7.0 ’Yar-ciki

Mai karatu na iya tambaya, me zai hana a sa ƙaramin harsashi cikin babbar bindiga kai tsaye? Amsar ita ce, wannan na daga cikin mafi haɗarin kurakurai. Harsashin geji 20 yakan zarce cikin bututun geji 12 ya maƙale a gaba, in aka manta aka sa na 12 a bayansa aka harba, sai bututun ya tarwatse. Saboda wannan ne kamfanonin Amurka suke yin kwanson geji 20 da launin rawaya. Ke nan sai an samu abin da zai cike gurbin da ke tsakanin ƙaramin harsashi da babban bututu.

Soja ne suka fara cin moriyar dabarar. A 1881 Richard Morris ya yi rajistar wani siririn bututu da ake zurawa cikin bindigar Martini-Henry, sojan Ingila kuma suka karɓe shi a 1883. Da shi kurata ke koyon saiti a cikin bariki da ɗan ƙaramin harsashi mai araha, mai ƙarancin ƙara da dukan kafaɗa. Maharban Jamus ma suna da irin nasu, wanda suke zurawa cikin bututun bindigar farauta domin harbin ƙananan dabbobi da harsashi mai ƙwaya ɗaya.

A nahiyar Afirka kuwa an ga wani salon dabarar wanda ba masana’anta ce ta yi shi ba. A shekarun 1920 kamfanin Greener ya ƙera wa ’yan sandan Masar bindiga mai geji 14, awon da ba a sayar da harsashinsa a kasuwa, da nufin in an sace ta ta zama sanda. Ba a daɗe ba aka gano cewa masu satar suna naɗe harsashin geji 16 da takarda har ya cika gurbin. Dole kamfanin ya sake ƙirar bindigar da harsashinta a ƙarshen shekarun 1930. Wannan naɗi aikin ganganci ne, amma ya nuna cewa duk inda aka ƙayyade wa mutum geji, zai nemi hanyar kewaye shi.

A Amurka ne ’yar-ciki ta zama kayan kasuwa. Wasan harbin faifan yumɓu da ake kira skeet, wanda maharban tsuntsaye suka ƙirƙiro a jihar Masacusets a 1920 don su riƙa motsa hannu, ana yin gasarsa da awo huɗu: 12 da 20 da 28 da .410. Maimakon ɗan wasa ya sayi bindiga huɗu, sai ya sayi ɗaya da ’yan-ciki. Kamfanin Savage ya sayar da wata mai tsawon kimanin santimita 30 mai suna Four-Tenner, kamfanin Briley kuma, wanda aka kafa a Hustan ta jihar Teksas a 1976, ya yi suna wajen ƙera masu tsawon bututu gaba ɗaya. Daga filin wasa ne dabarar ta koma daji.

’Yar-ciki iri biyu ce, kuma a bindigar da ake karyawa ake sa ta. Gajeriya ba ta wuce mazaunin harsashi da yawa ba. Tana da araha, tana shiga aljihu, amma da zarar dalma ta fita daga cikinta sai ta faɗa faffaɗan bututu, wani ɓangare na ƙarfin albarushi ya sulale ta gefe. Doguwa kuwa tana kai wa har baki, tana da nata tsukewar da nata abin fitar da kwanso, harbinta daidai yake da na ƙaramar bindiga ta ainihi. Aibinta shi ne tsada da ƙarin nauyi a gaba, abin da mai yini yana tafiya a daji yake ji a hannunsa. Amfanin da ake nema a duka biyun ɗaya ne: rage dukan kafaɗa da ƙara, rage lalata nama, da sauƙaƙa wa yaro ko tsoho. Haka kuma duk wanda ya rage dalma ya rage wa kansa tazara, sai ya ƙware, in ba haka ba ya yi ta raunata tsuntsaye.

8.0 Dalilan da Suka Hana Ta Gindin Zama a Yankin Tamale

Bindigar kwanso ta yaɗu a Gana da Nijeriya cikin ƙarni na 20, musamman mai baki ɗaya, irin Baikal ta Rasha, wadda maharba suka so saboda araha da juriya. Amma ’yar-ciki ba ta biyo ta ba, kuma akwai dalilai huɗu.

Na farko, kasuwa. Geji 12 shi ne ya mamaye Afirka ta Yamma, kuma harsashin da aka fi sani a Gana shi ne mai manyan ƙwayoyi, wanda ake kira AA da BB. Maƙeran gida ma, a wurare irin su Suame a Kumasi da Alavanyo a yankin Bolta, bisa awon wannan harsashi suke ƙira. Ƙananan geji kuwa, ko a Amurka na 28 da .410 sun fi na 12 tsada, domin ba a yin su da yawa. ’Yar-ciki ba ta da amfani a inda babu abin da za a sa mata.

Na biyu, manufa. Baturen da ke harbi don nishaɗi ƙa’idarsa ita ce sai tsuntsu ya tashi, kuma yana alfahari da ƙaramin geji don ya fi wuya. Manomin da ya sayi harsashi biyu ko uku da kuɗin gyaɗarsa yana son kowane ɗaya ya dawo da nama. Bindigarsa ɗaya ce, ita ce ta zabo, ita ce ta gada, ita ce ta korar birai daga gona. A wurinsa faɗin watsuwar dalma riba ce.

Na uku, doka. Dokokin makamai na Gana na 1962 da 1972 sun wajabta rajistar bindiga a wurin ’yan sanda da neman izini kafin shigo da makami ko harsashi. Rikice-rikicen arewa, musamman na 1994 tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagwamba da Gwanja, wanda aka laƙaba wa yaƙin zabuwa domin gardama kan cinikin zabo a kasuwar Nakpayili ce ta kunna shi, sun ƙara sa hukuma sa ido. ECOWAS ta dakatar da shigo da ƙananan makamai a 1998, ta ƙulla yarjejeniya a kansu a Abuja a 2006, Gana kuma ta kafa hukumar kula da ƙananan makamai da dokar 2007. A Nijeriya ma dokar 1959 ta kasa bindigogi gida uku, ta ware wa na ɗuri nasu babin. A irin wannan hali, ɗan kasuwa ba zai wahalar da kansa neman izinin kayan da ba su da masu saye ba.

Na huɗu, bindigar ɗuri ba ta mutu ba. Ita ake bugawa a bikin Damba da jana’izar manya a ƙasar Dagwamba, kamar yadda ’yan bindigar sarki ke buga ta a hawan salla a Kano da Katsina da Zariya, kuma har yanzu akwai maharban ƙauye da ke fita da ita. Wanda ke riƙe da ita ba ya bukatar ’yar-ciki, domin ma’auninsa bai bar hannunsa ba.

9.0 Kammalawa

An ga yadda bindiga ta iso ƙasar Hausa ta Sahara, ta iso ƙasar Dagwamba ta teku, da yadda yarjejeniyar 1890 ta tsare maharbi a kan ɗuri, da kuma yadda harsashin kwanso ya ba shi sauri ya karɓe ma’auni. An kuma ga cewa ’yar-ciki amsa ce ga tambayar da mai ɗuri ya daɗe da amsawa da yatsunsa, amma ta dogara ga kasuwa da manufar da babu su a yankin Tamale.

Akwai wani awo da ya fi na geji muhimmanci ga tsuntsayen kansu, wato awon lokaci da wuri. Dokar kare namun daji ta Gana ta 1971 ta hana farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, lokacin da mafi yawan namun daji ke renon ’ya’ya, dokar 1990 kuma ta hana cinna wa daji wuta. Duk da haka, gine-gine sun cinye gonakin da ke kewaye da unguwanni irin su Jisonayili, kuma da rani akan ga motoci cike da matasa da karnuka suna barin Tamale zuwa daji mai nisa. Zabon da ya rasa ciyawar da zai yi ƙwai a cikinta ba ruwansa da gejin da aka harbe shi da shi.

Ga ɗalibin harshe kuwa, wannan tarihi yana nan ajiye a cikin kalmomi. Ɗuri da ƙanƙara da sandar ɗuri suna ja da baya tare da sana’ar da ta haife su, geji da saiti da lasisi sun shigo daga Ingilishi sun zauna, kalmar ’yan bindiga kuma, wadda a zamanin Babba Zaki sunan ma’aikatan fada ne, ta koma a bakin ’yan jarida sunan masu tare hanya da satar mutane. Zai kyautu ɗalibai su nemi tsofaffin maharba da maƙera a garuruwansu da zangunansu, su rubuta sunayen sassan bindiga da na tsuntsaye yadda suke faɗin su, su kwatanta abin da ake cewa a Kano da abin da ake cewa a Zangon Tamale.